Wa Ke Yanka wa Ɗan Ƙwallo Farashi?

Ranar 22 ga Maris, 1980, a babban filin wasa na Surulere da ke Legas, Najeriya ta ci Aljeriya uku da nema, ta ɗauki Kofin Nahiyar Afirka a karon farko. Segun Odegbami ya jefa biyu a raga, Muda Lawal ya ƙara ta uku. Wanda ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin shi ne Shugaban Ƙasa Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta daga garin Shagari, wanda a lokacin bai cika wata shida a kan mulki ba. Bayan wasan gwamnatinsa ta ba kowane ɗan wasa gida a unguwar Festac, da mota Peugeot 504, da lambar girma ta ƙasa.

Wannan kyauta ce irin ta shugaba ga waɗanda suka fitar da ƙasa kunya. Ba ciniki aka yi ba, ba wanda ya taya, ba wanda ya ce albarka. Wanda ya ci ƙwallo biyu da wanda ya kwana a benci, motarsu iri ɗaya ce. Kusan dukan 'yan wasan a gida suke taka leda, a ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi da na kamfanoni, irin su Rangers ta Enugu, da IICC ta Ibadan, da Bendel Insurance. A wancan zamani in ka tambayi mai sha'awar ƙwallo nawa ne kuɗin Odegbami, sai ya dube ka da mamaki.

Yau in ka bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Jega, ba abin mamaki ba ne ka tarar da saurayi a gidan kallon ƙwallo yana riƙe da waya, a cikinta yana da ƙungiya ta fam miliyan 100. Ya san farashin ɗan wasan Ingila har zuwa kashi ɗaya cikin goma na miliyan, ya san wanda ya hau daren jiya da wanda ya sauka. Amma yaron da ya fi kowa iya murza leda a filin firamaren garinsu, ba shi da farashi ko na sisin kwabo a ko'ina. Tarihin da ya haifar da wannan bambanci yana koya mana abu ɗaya: farashin ɗan ƙwallo ya fi bin takardar da aka rubuta shi a kai fiye da ƙafar da yake wasa da ita.

Takarda ake sayarwa

Kunnen Bahaushe ba ya jin daɗin a ce an sayi mutum, kuma yana da dalili. To, a shari'ar ƙwallo abin da ke sauya hannu shi ne rajista, wato izinin da hukuma ta ba ƙungiya ɗaya tak na sa wannan ɗan wasa a fili.

Abin ya samo asali a Ingila. A 1885 hukumar ƙwallon ƙasar ta halatta biyan 'yan wasa albashi, a 1888 aka kafa gasar lig ta farko. Nan da nan masu ƙananan ƙungiyoyi suka ga attajirai za su kwashe musu gwanaye. Saboda haka a 1893 aka kafa doka cewa ɗan wasan da ƙungiya ta yi wa rajista ba zai koma wata ba sai da yardarta, ko da kwantiraginsa ya ƙare. Da yarda ta zama dole, sai ta zama haja. A shekarar ce Aston Villa ta biya fam 100 kan Willie Groves. A 1905 Middlesbrough ta biya Sunderland fam 1,000 kan Alf Common, jaridu suka yi ta tofin Allah tsine. A 1979 Trevor Francis ya zama ɗan wasan Birtaniya na farko da aka biya fam miliyan ɗaya dominsa. A 2017 Paris Saint-Germain ta biya yuro miliyan 222 kan Neymar.

'Yan wasan ba su zuba ido ba. George Eastham ya kai Newcastle kotu, a 1963 alƙali ya ce riƙe mutum haka tauye masa hanyar neman abinci ne. Babbar girgizar ta zo daga wani ɗan Beljiyam da ba a san shi ba, Jean-Marc Bosman. Kwantiraginsa ya ƙare a Liège a 1990, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, cinikin ya wargaje, aka zaftare masa albashi. A Disamban 1995 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wanda kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da an biya ko kwabo ba. Tun daga ranar, ɗan wasa ɗaya yana da farashi biyu: mai tsada in saura masa shekara huɗu a takarda, mai araha in saura wata shida. Gudunsa da bugunsa suna nan yadda suke, kwanan watan da ke jikin takarda ne ya sauya.

Hanyar Beljiyam

'Yan Najeriya sun shiga wannan kasuwa a hankali. Teslim Balogun ya je Ingila tun a tsakiyar shekarun 1950, ya buga wa Peterborough da Queens Park Rangers, amma bai bar sawun da jama'a za su bi ba. Wanda ya buɗe hanya shi ne Stephen Keshi. Bayan hukumar ƙwallon Najeriya ta dakatar da shi, ya tafi Abidjan a 1985, daga can ya wuce Lokeren ta Beljiyam a 1986, sannan Anderlecht. Dokokin Beljiyam ba su tsananta wa baƙi ba, ƙungiyoyinta kuma sun gane cewa ribarsu tana cikin saye da araha su sayar da tsada. Ayari ya biyo baya.

'Yan Arewa na cikin ayarin. Daniel Amokachi ya tashi daga Ranchers Bees ta Kaduna zuwa Club Brugge a 1990, bayan Kofin Duniya na 1994 Everton ta ɗauke shi kan fam miliyan 3. Tijjani Babangida ya je Roda ta ƙasar Holan, a 1996 ya koma Ajax. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya yana Kano Pillars, ya tafi VVV-Venlo a 2010, ya wuce CSKA ta Mosko a 2012, a 2016 Leicester ta biya kimanin fam miliyan 16 dominsa. Wilfred Ndidi ya bar makarantar Nath Boys ta Legas zuwa Genk a 2015 kan kuɗin da bai kai fam miliyan ɗaya ba, shekara biyu bayan nan Leicester ta biya kimanin miliyan 15.

Mutumin Sakkwato ya san irin wannan labari tun kafin a kawo ƙwallo. Fatar jar akuyar ƙasar nan ta yi ƙarni da ƙarni tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, ta isa Turai ta gaɓar Arewacin Afirka, a can aka raɗa mata suna fatar Maroko. Wanda ya yi kiwo da wanda ya jeme suna nan, suna da riba kuwa suka tsaya a zangon ƙarshe. Ba mutum muke kwatantawa da dabba ba, hanyar kasuwar muke kwatantawa. Babban tsallen farashi yana faruwa ne a zangon da mai saye na ƙarshe yake iya gani, ya ƙirga, ya amince da abin da aka rubuta. Shekara biyu a Genk sun ƙara wa Ndidi gogewa, babu shakka. Sun kuma ba shi abin da Legas ba ta ba shi ba: bidiyon kowane wasa, da lissafin kowane ƙwace, da shekarun haihuwa da ba wanda zai yi musu a kansu.

Kasuwa ta shiga kwamfuta

Yayin da wannan ciniki ke bunƙasa, sai 'yan kallo suka so su ɗanɗana kujerar mai saye. Wasannin da aka ƙirƙira musu iri uku ne, kowanne da hanyarsa ta yanka farashi.

Na farko na littafi ne. A 1992 wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Paul da Oliver Collyer, suka fitar da Championship Manager, wanda daga 2004 aikinsu ya koma ƙarƙashin sunan Football Manager. A nan kowane ɗan wasa jerin lambobi ne: gudu, bugu, miƙa ƙwallo, natsuwa, kowanne daga 1 zuwa 20. Akwai kuma lambobi biyu da aka ɓoye wa mai wasa, iyawarsa ta yanzu da iyakar inda zai iya kaiwa, dukansu a kan ma'aunin 200. Mutane fiye da dubu a ƙasashe daban-daban ne suke kallon wasanni suna cike waɗannan gurabe. Manhaja kuma ta haɗa lambobin da shekaru, da sauran kwantiragi, da martabar ƙungiya, ta fitar da kuɗi. Gwanin wannan wasa shi ne mai gano yaro ɗan shekara 17 a lungun da ba a kula ba, ya saye shi kafin littafin ya tona asirinsa.

Na biyu na gwanjo ne. Hattrick, wanda Björn Holmér ya kafa a Suwidin a 1997, 'yan wasansa na ƙage ne, amma masu saye da sayarwa mutane ne na gaske. Ka horar da yaronka, ka fitar da shi kasuwa, a yi kwana uku ana tayi, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Wannan ne ya fi kama da kara ranar kasuwa, inda farashi yake tsayawa a inda mai taya na ƙarshe ya gaji. A nan mai wasa yake koyon cewa shekaru suna cin kuɗi: ɗan 19 da ɗan 31 masu iyawa ɗaya ba sa zama kuɗi ɗaya, domin na farko ana sayen gobensa ne.

Na uku na tururuwa ne, shi ne kuma ya fi yaɗuwa a wayoyinmu. Fantasy Premier League ya fara a 2002, kyauta ake shiga. Ana ba ka fam miliyan 100 na ƙage ka zaɓi 'yan wasa 15 na gaske, ba fiye da uku daga ƙungiya ɗaya ba, kana samun maki bisa abin da suka yi a fili. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya ba da aka ci 3. Kamfanin ne yake yanka farashin farkon kaka. Daga nan sai cincirindon jama'a, waɗanda suka haura miliyan goma a shekarun nan, su riƙa motsa shi: in aka yi rububin ɗan wasa ya hau da 0.1 cikin dare, in aka gudu daga gare shi ya sauka. Ainihin lissafin kamfanin bai taɓa bayyana shi ba. Akwai kuma la'ada. Ka sayi ɗan wasa 7.0, ya kai 7.4, in za ka sayar 7.2 za a ba ka, rabin riba ya tafi.

A wannan wasa na uku ne aka fi ganin yadda ma'auni yake haifar da daraja. Ndidi ya yi kaka biyu a jere ba wanda ya kai shi ƙwace ƙwallo a gasar Firimiya. N'Golo Kanté ya ɗauki kofin da Leicester a 2016, ya sake ɗauka da Chelsea a 2017, duk wani koci ya san da shi aka yi. Amma a wancan lokaci a wayar masu wasa dukansu biyu suna cikin masu araha, domin ba a ba da maki a kan ƙwace. Sai a kakar 2025/26 aka sa maki biyu ga wanda ya tara ayyukan tsaro a wasa ɗaya. Nan take irin waɗannan 'yan wasa suka yi kasuwa. Aikin da suke yi shekara da shekaru shi ne dai, abin da aka yarda a ƙirga ne ya ƙaru.

Wasa ya koma gaske

Da a ce abin ya tsaya a waya, da sai a ce nishaɗin yara ne. Bai tsaya ba. A 2008 Everton ta ƙulla yarjejeniya da masu Football Manager domin ta riƙa duba rumbun bayanansu wajen neman 'yan wasa. Shafin Transfermarkt kuma, wanda Matthias Seidel ya kafa a Jamus a 2000, masu sha'awa ne 'yan sa-kai suke tafka muhawara a kan darajar kowane ɗan wasa, wasu wakilai su yanke lambar ƙarshe. Yau wannan lamba ce 'yan jarida suke kawowa, dillalai suke nunawa, har ƙungiyoyi suke kafa hujja da ita a teburin ciniki.

Littafi kuwa yana kuskure, kuma kuskurensa a kan mutum yake sauka. Cherno Samba, haifaffen Banjul da ya girma a Landan, yana yaro a Millwall aka rubuta masa lambobin da suka sa ya zama gwarzon duniya a Championship Manager na 2001/02. Miliyoyi suka san sunansa. A fili kuwa bai taɓa buga wasa a Firimiya ba, ya yi ta yawo a ƙananan ƙungiyoyi yana ɗauke da nauyin wani Cherno da babu shi sai a kwamfuta.

Ana kuma iya murɗa littafin da gangan. Malaman fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa, Muwaɗɗa ta Imam Malik ta kawo hani a kan najashi, wato mutum ya ƙara tayi ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani. Masu Hattrick suna da dokar hukunta abokan da suka sayar wa juna ɗan wasa kan kuɗin da ya wuce hankali. A kasuwar gaske kuwa abin ya fi girma. Lokacin da Napoli ta ɗauki Victor Osimhen daga Lille a 2020 kan kimanin yuro miliyan 70, an cusa 'yan wasa huɗu a cikin cinikin, aka yi musu kuɗi kusan miliyan 20. Uku daga cikinsu matasa ne da ba su taɓa sa rigar Lille a wasa ba. Kotun wasanni ta Italiya ta wanke Napoli a 2022, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai cewa babu wani tabbataccen ma'auni na darajar ɗan wasa. Juventus ba ta tsira ba, a 2023 aka zare mata maki 10 kan musayar 'yan wasa da ta kumbura littattafanta. Kotu da kanta ta shaida cewa farashi yarjejeniya ce tsakanin masu riƙe da alƙalami.

Wanda ba a rubuta ba

Mu komo gida. Tun 2001 dokar FIFA ta tanadi kaso ga waɗanda suka reni ɗan wasa. Duk lokacin da aka sayar da shi daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗu na farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran takwas kowace rabin kashi. A ce an sayar da ɗan wasa yuro miliyan 10. Kason reno yuro 500,000 ne, ƙungiyar da ta riƙe shi daga 12 zuwa 15 kaɗai tana da 100,000. Mai karatu ya juya wannan zuwa naira, ya kwatanta da abin da ƙungiyar gari take kashewa a shekara kan riguna da ƙwallaye da kuɗin mota.

Sharaɗin ɗaya ne: sunan ƙungiyar ya kasance a cikin fasfon ɗan wasa, takardar da ke jera duk inda aka yi masa rajista tun yana ɗan 12. Tun Nuwamban 2022 wani ofishin FIFA da ke Paris ne yake karɓar waɗannan kuɗaɗe ya raba, bisa abin da kwamfuta ta nuna, kuma sai ga ƙungiyar da hukumar ƙasarta ta sani, mai takardu da asusun banki. Kocin da ya yi shekara huɗu yana tashin yaro da asuba, yana saya masa takalmi daga aljihunsa, in bai yi rajista ba, a idon dokar bai taɓa ganin yaron ba. Shekarun da ba a rubuta wa kowa ba, ko dai su tafi a banza, ko wata makarantar birni da ta riƙe yaron wata shida kafin tafiyarsa ta zama ita kaɗai aka sani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A cikin wannan duhu ne dillalin ƙarya yake samun abinci. Yaron da ba shi da farashi a rubuce, kowa na iya faɗa masa farashi da baki. Ana gaya wa uba ɗansa zai yi miliyoyi a Turai, a ce ya kawo kuɗin biza da na gwaji, ya sayar da sa ko ya jinginar da gona. Dokar FIFA ta hana kai yaron da bai kai 18 ba wata ƙasa, sai a 'yan yanayi ƙalilan. Ahmed Musa kansa sai da ya cika 18 a Oktoban 2010 sannan ya fara buga wa VVV. Tun 2023 kuma dillalin ƙwallo sai da lasisin FIFA, sunayen masu lasisin a buɗe suke ga mai son dubawa. A kasuwar duniya mai saye ne yake biya. In aka ce mai kaya ne zai biya, to ba ciniki ake yi ba.

Abin da garuruwa irin Boɗinga da Shagari suke bukata ba ya buƙatar sabon filin wasa. Ƙungiyar gari ta yi rajista da hukumar ƙwallon jiha. Kowane yaro ya samu takardar haihuwa ta gaskiya, domin rage shekaru yana iya ba shi gurbi a wata gasa guda, amma yana jawo wa duk 'yan ƙasar ragin daraja a idon mai saye. A riƙa rubuta sakamakon kowane wasa, wa ya buga, minti nawa, wa ya ci. A ɗauki bidiyo da wayar da ake da ita, a adana da kwanan wata. Lauya ɗaya ɗan gari, da akawu ɗaya, da malamin makaranta mai son ƙwallo sun isa su tsayar da wannan.

Ma'aikatan ma suna nan. Saurayin da yake bin jadawalin wasanni biyar masu zuwa kafin ya sauya ɗan baya, wanda ya san bambancin ɗan wasan da ke kan ganiya da wanda sa'a ta ɗaga mako guda, wanda ya iya lissafin rabin riba ba tare da biro ba, ya riga ya koyi rabin aikin mai farautar gwanaye. Shekaru ya yi yana yi wa gasar Ingila wannan hidima kyauta. In ya ɗauki littafi ya zauna a bakin filin garinsu ranar wasa, shi ne zai fara rubuta wa ƙaninsa farashi.